Gida Arba'in da Tafiyar Iska

Gabatarwa

Duk shekara, idan watan Disamba ya kama, mu da neman ilimi ko neman abinci ya kawo mu kudancin ƙasar nan mukan wayi gari wata rana mu tarar sararin sama ya yi fari fat, rana ta fito dishi-dishi kamar an shafa mata toka, leɓɓa sun soma tsagewa, wankin da kan kwana a kan igiya bai bushe ba ya bushe kafin azahar. Abokan zamanmu na nan sukan rufe hanci da ƙyalle suna ƙorafi. Mu kuwa sai mu ji kamar baƙo ne ya iso daga gida, domin hunturu ne, mun kuma san shi tun muna goye. Amma da za a tambaye mu daga ina baƙon ya taso, mafi yawanmu za mu ce daga Arewa, mu tsaya nan. Alhali Kano da Katsina da Sakkwato zango kawai ya yada a cikinsu. Yawancin ƙurar da ke kwanta mana a kan littattafai daga arewacin Chadi ta fito, daga wani wuri da kusan babu wanda ya taɓa taka shi a cikinmu.

Bahaushe bai ɗauki iska a bakin komai ba. Maganar da ba ta da kan gado zancen iska ce, yaron da ya gagari iyayensa ɗan iska ne, dukiyar da ta salwanta kuwa ta bi iska. Hatta jam'in kalmar mun bar wa mutanen ɓoye. A tunaninmu iska aba ce marar gida marar ubangida, wadda ba a tambayar ta inda ta fito, balle inda za ta. Manufar wannan maƙala ita ce mu nuna cewa iska tana da hanyoyi sanannu kamar na fatake, kuma sanin waɗannan hanyoyi ya ɗora mana wata tambaya mai nauyi. Idan abin da muka zuba a cikin iska yana isa ga mutumin da ba mu taɓa gani ba, shin wannan mutum maƙwabcinmu ne? In kuwa maƙwabci ne, mene ne haƙƙinsa a kanmu, mene ne kuma namu a kansa?

Hanyoyin Iska

Tushen al'amarin rana ce. Haskenta yana sauka kai tsaye a tsakiyar duniya, wato yankin ikwaita, amma a karkace yake isa ƙuryar arewa da ta kudu, shi ya sa nan zafi can sanyi. Iskar da ta ɗumama takan rage nauyi ta tashi sama kamar hayaƙin murhu. Tana hawa tana hucewa, har damshin da ta ɗauko daga teku ya dunƙule ya zama girgije, ya zubo da ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa manyan dazuzzukan duniya, na Kwango da na Amazon da na Indunusiya, suke jere a kan layi guda. Bayan ta sauke ruwanta, iskar takan rabu biyu a can sama, wani sashe ya nufi arewa wani ya nufi kudu, har su kai wajen digiri 30 daga ikwaita, inda suke saukowa a bushe. Iskar da ke saukowa ba ta haɗa hadari. A ƙarƙashinta ne Sahara da hamadar Larabawa suke ta arewa, Kalahari da hamadar Ostireliya kuma ta kudu. Ke nan lemar Kwango da ƙishirwar Bilma uwa ɗaya ce ta haife su.

Idan iskar ta taɓa ƙasa sai ta juyo ta koma inda ta fito. Da a ce duniya a tsaye take, da miƙewa za ta yi sak daga arewa zuwa kudu. To, amma duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, kuma juyin ba daidai yake ɗaukar kowa ba: wanda ke tsaye a ikwaita yana tafiyar kimanin kilomita 1,670 a cikin sa'a guda bai sani ba, wanda ke kan ƙurya kuwa kewaya kawai yake yi a wuri ɗaya. Wannan juyi ne yake karkatar da iska zuwa dama a arewacin duniya, zuwa hagu a kudancinta. Saboda haka a arewa take busowa daga arewa maso gabas, a kudu kuma daga kudu maso gabas, shekara da shekaru ba fashi. Ita ce za mu kira iskar fatake, domin da ita jiragen ruwan 'yan kasuwa suka riƙa ƙetare teku. Edmond Halley na Ingila ya zana taswirarta a 1686, wani lauya mai suna George Hadley ya bayyana dalilin karkacewarta a 1735, sa'an nan Bafaranshe Coriolis ya fito da lissafin irin wannan karkata a 1835. Gaba da digiri 30 kuma, zuwa wajen digiri 60, akalar takan juya, iska ta riƙa busowa daga yamma. Ita ke kai wa Turai ruwa daga Atlantika.

Mu a Nijeriya muna zaune ne a fagen da iska biyu ke karawa. Ɗaya busasshiya ce daga Sahara, ita ce hunturu. Ɗayar kuma ita ce ta kudu, wadda idan ta tsallako ikwaita takan karkata ta riƙa busowa daga kudu maso yamma, ɗauke da damshin teku. Layin da suke haɗuwa ba ya zama wuri ɗaya, rana yake bi. A watan Janairu yana kusa da bakin teku, a watan Agusta kuwa ya wuce Agadas. Shi ya sa Ikko take samun ruwa tun watan Maris ko Afrilu, Sakkwato kuwa sai ta jira Yuni. Manomin Daura yakan dubi gabas idan yana neman hadari, kuma yana da gaskiya, domin iskar da ke can sama daga gabas take koro gizagizai zuwa yamma. Sai dai yawancin ruwan da ke cikin hadarin daga tekun da bai taɓa gani ba ya taso.

Kayan da Iska ke Dako

A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa marar nauyi, wadda akasarinta ɓawon ƙananan halittun ruwa ne. Iskar arewa maso gabas takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta share wannan kwari, har masana suna lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Wani kaso na ƙurar yakan sauka a gonakin ƙasar Hausa ya ƙara musu ƙarfi. Wani kason kuma, tare da ƙurar sauran sassan Sahara, yakan haye Atlantika. Wani bincike da masanan hukumar NASA ta Amurka suka buga a 2015, bisa awon tauraron ɗan'adam, ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma a kowace shekara, kimanin tan miliyan 27 daga ciki kuma a yankin Amazon yake sauka, ɗauke da wajen tan 22,000 na fosforas, sinadarin nan da muke saye a cikin buhun takin zamani. Wato hamadar da ba ta iya ciyar da akuya tana aika wa dajin da ya fi kowane girma a yankin zafi da taki kyauta.

Iskar ba alheri kaɗai take ɗauka ba. Lokacin bushewa da ƙura shi ne lokacin sanƙarau, kuma ba mu manta da 1996 ba, shekarar da cutar ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. Haka kuma hadarin da ya ratsa ta kanmu muka yi murna, idan ya faɗa teku ta wajen Senegal wani lokaci yakan rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwa. Guguwar Andrew da ta ragargaza kudancin Florida a 1992 daga gaɓar Afirka ta Yamma ta samo asali. Babu mai hankalin da zai ce mutanen Chadi su biya diyyar sanƙarau, ko mutanen Senegal su gina wa Amurkawa gidaje, haka nan babu wanda zai ce Barazil ta biya kuɗin taki. Iska ba ta da niyya, ba kuma hannun mutum ne ya ɗora mata waɗannan kaya ba.

Magana takan canza ne daga ranar da ɗan'adam ya soma ɗora mata nasa kayan. A 1492 Kolumbus ya gangara tsibiran Kanari domin ya kama iskar fatake ta kai shi yamma, ya kuma dawo gida da iskar yamma ta can arewa. Wannan zagaye shi ne ya zama hanyar cinikin bayi, inda aka loda mutum kimanin miliyan 12 da rabi daga Afirka. A cikinsu akwai Hausawa, musamman waɗanda yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka rutsa da su, aka fitar da su ta Ikko da Badagiri da Wida zuwa Bahiya ta Barazil, inda suka shirya bore a 1807, suka kuma tayar da wani a 1814. Iskar fatake ita ce ta kai su. Amma ba mu taɓa jin wanda ya ɗora wa iska laifin bauta ba. Kowa ya san laifin na mai jirgi ne, da mai saye, da mai sayarwa. Mu riƙe wannan, domin za mu bukace shi nan gaba.

Wa Ya Kore Damina?

Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya soma ja da baya a yankin Sahel. Fari ya yi tsanani a 1972 da 1973, ya sake dawowa da ƙarfi a 1983 da 1984. Dubban mutane sun mutu, miliyoyin dabbobi sun halaka, Tafkin Chadi da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Da yawa daga cikin iyalan da suka cika zangunan kudu da na Gana a wancan zamani wannan masifa ce ta koro su. A lokacin, bayanin da ya fi karɓuwa shi ne laifinmu ne. A 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa idan kiwo ya cinye ciyayi ƙasa ta yi fari, takan mayar da hasken rana sama, hakan kuma ya rage hadari. Aka riƙa nuna makiyayi da akuyarsa, da mace mai itacen girki, a matsayin waɗanda suka jawo wa kansu.

Sannu a hankali bincike ya karkata wani wajen. A 1986 masana a Ingila suka nuna cewa ruwan Sahel yana da alaƙa da ɗumin tekuna, a 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa canjin ɗumin tekuna kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan farin. Layin ruwan sama yakan karkata ne zuwa ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. A waɗancan shekaru arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka gwada shi da kudanci, sai layin ya kasa hawowa inda ya saba. Daga cikin abubuwan da suka sanyaya arewa, kamar yadda nazarce-nazarcen 2002 da 2013 suka nuna, akwai hayaƙin farar wuta da masana'antu da tashoshin lantarki masu ƙona kwal a Turai da Amurka suka riƙa fitarwa, wanda ke kare hasken rana. Wannan ba ya wanke sare itatuwa da yawan kiwo, domin suna ɓata ƙasa. Amma ya nuna cewa makiyayin da aka tsare da tuhuma ba shi kaɗai ne a wurin ba, watakila ma shi ne mafi ƙarancin hannu. Masu iya magana sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan wani ne ya ja, wani dabam ya sha duka.

Akwai misalin da ya fi wannan fitowa fili. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliyarta na farko a kusa da Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a daidai lokacin da iskar hamada ke busowa zuwa ƙasashenmu. Bayan gwaji na uku a Disamba 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa a Janairu 1961, ta sallami jakadanta, ta kuma hana jiragenta na sama da na ruwa shigowa. Wata taswirar sojan Faransa da ta fito fili a 2014 ta nuna ƙurar gwajin farko ta isa Injamena da Bamako, ta kuma juya har gaɓar Sifen. Ƙasar da ba ta fi wata uku da samun 'yanci ba ta fahimci cewa wanda ya saka guba a sama da iska ya shigo maka gida ne, ko da ƙafarsa ba ta taka iyakarka ba. Turawa su ma sun ɗanɗana. Tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe ranar 26 ga Afrilu 1986, kwana biyu bayan haka na'urorin wata tasha a Suwidin, fiye da kilomita 1,000 daga wurin, suka tona asirin. Wasu makiyayan tumaki a Wales kuwa ba a ɗage musu takunkumi ba sai 2012.

Ina Iyakar Maƙwabtaka?

Addini da al'ada sun haɗu a kan girmama maƙwabci. Wasu malaman farko sun ƙiyasta maƙwabtaka da gida arba'in ta kowace fuska. Amma idan muka duba yadda malaman fiƙihu suka yi hukunci a aikace, za mu ga cewa ba ƙirgen ƙofofi suka bi ba. A cikin Muhtasar na Halil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, an hana mutum ya cuci maƙwabta da hayaƙi irin na gidan wanka, ko wari irin na majema. An kuma ɗora ramuwa a kan wanda ya hura wuta ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi har ta ci dukiyar wani. Ma'aunin a nan shi ne inda cutar ta kai. Idan hayaƙinka ya tsaya a gida na uku, nan haƙƙin ya tsaya. Idan ya kai gida na ɗari, ba za ka ce wa mai gidan ya wuce lissafin arba'in ba. Dokar ƙasa da ƙasa ma nan ta iso ta wata hanyar. A 1941 wata kotun sulhu ta yanke hukunci a kan wata masana'antar narka ƙarfe da ke Trail a Kanada, wadda hayaƙinta ke ƙona gonaki a jihar Washington ta Amurka, cewa babu ƙasar da ke da ikon amfani da yankinta ta yadda hayaƙi zai cuci yankin wata. Kanada kuwa ta biya diyya.

Idan haka ne, to maƙwabcinmu shi ne duk wanda iskarmu ke isa gare shi. Iskar kabon da ake fitarwa daga injuna takan gauraye da iskar duniya baki ɗaya a cikin kimanin shekara guda, wani kaso nata kuma yakan zauna ɗaruruwan shekaru. Ke nan maƙwabtakar ta haɗa har da jikokin da ba a haifa ba. Wannan matsayi yana da nauyi, kuma akwai uzurori huɗu da akan kawo domin a kauce masa. Ya kamata mu saurare su da adalci.

Na farko shi ne rashin niyya da rashin sani. Ma'aikacin da ke zuba kwal a tanderu a Jamus a 1965 bai taɓa jin sunan Damagaram ba, balle ya nufe ta da sharri. Wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya ɗauke masa zunubi. Amma mu da muka san hukuncin kisan kuskure mun san cewa ɗauke zunubi dabam, ɗauke diyya dabam. Bugu da ƙari, uzurin jahilci yana da ranar ƙarewa. Tun 1896 Svante Arrhenius na Suwidin ya lissafa cewa ƙaruwar iskar kabon za ta ɗumama duniya, kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya fitar da rahotonsa na farko a 1990. Kimanin rabin duk iskar kabon da aka fitar daga ƙona kwal da mai da gas bayan wannan shekara aka fitar da shi, wato bayan an sani.

Na biyu shi ne ƙanƙantar rabo. Kowa yakan ce motata ɗaya me za ta yi wa sararin sama? Mu ɗauka mutanen gari dubu ne, kowa ya jefa ɗan dunƙulen ƙazanta a rijiyar gari, har ruwan ya ɓaci. Babu wanda dunƙulensa kaɗai ya ɓata ta, amma babu wanda zai ce rijiyar da kanta ta ɓaci. Da yayyafi kogi ke cika. Abin da adalci ke nema shi ne kowa ya ɗauki gwargwadon abin da ya zuba. A nan ne ya kamata a tuna cewa Afirka, mai kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen duniya, ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na wannan iska.

Na uku shi ne ƙaddara. Za a ce Allah ke aiko da iska, Shi ke saukar da ruwa, wane ne ɗan'adam da zai kore damina? Mun yi imani da haka. Sai dai wanda ya kunna wa daji wuta a tsakiyar hunturu har ta cinye rumbun maƙwabci, idan ya ce wa alƙali Allah ne Ya kaɗa iskar, gaskiya ya faɗa, amma zai biya. Imani da ƙaddara magani ne ga wanda masifa ta faɗa wa. Ba mu san malamin da ya mayar da shi mafaka ga wanda ya jawo ta ba. Kamar yadda muka gani a kan jiragen bayi, iska dako kawai take yi, mai kaya shi ake tambaya.

Na huɗu ya fi sauran ƙarfi. Idan kowa maƙwabci ne, kuma duk mai rai sai ya hura wuta, ashe babu marar laifi, kuma nauyin da aka ɗora wa kowa a ƙarshe babu mai ɗaukarsa. Amsarmu ita ce shari'a da hankali duk sun bambanta larura da holewa. Matar da ke dafa tuwo da itace domin ba ta da wani makamashi, wadda ma ita ce farkon mai shaƙar hayaƙin, ba za a auna ta da ma'aunin kamfanin da ke ƙona gas dare da rana domin adana shi zai rage masa riba ba. Faɗin maƙwabtaka bai daidaita nauyin kowa ba, ƙara fito da bambancin ya yi.

Laifi Tudu Ne

Yana da daɗi mu tsaya a nan, mu nuna Turai da yatsa mu koma barci. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙa'idar da muka kafa domin mu kama wasu da ita ba za ta sake mu ba. Tun da aka soma haƙar mai bayan gano shi a Oloibiri a 1956 ake ƙona gas a yankin Neja Delta. Dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin wa'adin dainawa, wata babbar kotun tarayya a Benin ta yanke a 2005 cewa ƙonawar ta saɓa wa 'yancin rayuwa, amma har yau Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a duniya. Kuɗin man nan kuwa da shi aka gina jami'o'in da muke karatu a ciki. Daga 2016 mutanen Fatakwal suka soma wayar gari da baƙin toka a kan gadajensu da cikin hancin 'ya'yansu. Waɗannan ba mutanen wata nahiya ba ne.

Mu sauko ƙasa kuma. Wa ke kunna wa daji wuta da kaka domin farautar gafiya? Wa ke babbake kai da ƙafa da tsofaffin tayoyi a mayanka, hayaƙin ya rufe unguwa? Wa ke ajiye janareto a bakin tagar ɗakin maƙwabci, ya juya bututun hayaƙin waje da nasa ɗakin? Wanda ya juya bututun nan ya nuna ya san hayaƙin cuta ne, ya kuma zaɓi wanda zai shaƙa. Bambancinsa da masu gwajin Reggane na girma ne kawai, tunanin iri ɗaya ne: a kai cutar inda ba namu ba, iska ta ƙarasa aikin. Al'ummar da ba ta iya kare gida na biyu daga hayaƙinta ba, da wane baki za ta nemi haƙƙinta a wurin wanda ke bayan teku?

Akwai kuma darasi na musamman gare mu mazauna kudu. Damshin da ke zama ruwan gero a Gumel ta kan dazuzzukan Ondo da Edo da Kuros Riba yake bi, itatuwan nan kuma suna mayar da ruwan da suka sha sama, iska ta ƙara gaba da shi. Gawayin da ake lodawa a manyan motoci da katakon da ake sarewa ba ruwan Bahaushe da su, in ji mai gajeren tunani. Alhali duk mai gona a Arewa yana da rabo a cikin dajin Kudu, kamar yadda duk mai shaƙar hunturu a Kudu yake da rabo a cikin itatuwan da ke riƙe ƙasar Arewa. 'Yan siyasa suna iya gardama a kan ko ƙasar nan ɗaya ce, amma damina da hunturu sun riga sun ɗaure mu da igiya guda.

Kammalawa

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana mafarki ce da ba ta aiki. A 1979 ƙasashen Turai da Amurka da Kanada suka sa hannu a Geneva a kan yarjejeniyar rage gurɓatar iska mai ƙetare iyaka, bayan ruwan sama mai guba ya kashe kifaye a tafkunan Suwidin da Norway. Hayaƙin farar wuta ya ragu ƙwarai, kuma daga shekarun 1990 ruwan Sahel ya soma farfaɗowa, ko da yake ba don mu suka yi ba. A 1987 aka ƙulla yarjejeniyar Montreal a kan sinadaran da ke cinye rigar ozon, duk ƙasashen duniya suka shiga, rigar kuma tana warkewa. A 2022, a taron Sharm el-Sheikh na Masar, aka amince a kafa asusun biyan asarar da canjin yanayi ke jawo wa ƙasashe matalauta. Abin da aka yi alkawarin zubawa a ciki bai kai ko kusa da asarar ba, amma amincewar kanta ikirari ne cewa akwai bashi.

Abin da muke kira gare shi abu biyu ne, kuma ba a raba su. Mu nemi haƙƙinmu a wurin manyan masu hayaƙi da murya ɗaya, a matsayin diyya da maƙwabci ke bin maƙwabci, ba sadaka ba. Mu kuma biya wanda ake bin mu, tun daga bututun janareton da ke bayan ɗakin kwanan ɗalibai. Mu ɗaliban harshe muna da namu aikin, domin mutum ba ya kiyaye abin da harshensa ya raina. Muddin iska tana nufin banza a bakinmu, za mu ci gaba da zuba mata abin da muka ga dama. Idan hunturun bana ya iso, muka share ƙura daga kan teburinmu, ya dace mu tuna cewa ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu kafin ta same mu, kuma abin da muka saka a iskar da ta wuce mu shi ma yana da wanda zai sauka a kansa. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabta, na kusa da na nesa, amin.